Wa ya kashe turbon motar ofishinmu?

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai dare. Na daɗe ban yi magana a nan kan wani abu da ba siyasa ko albashi ba. Yau maganar mota ce, amma in kun bi ni a hankali za ku ga ba ta yi nisa da albashin ba.

Makonni uku da suka wuce turbon Hilux ɗin ofishinmu ya mutu. Ba zan faɗi ofishin ba, waɗanda suka san ni sun sani. Motar mai shan gas ce, wani shirin tallafi ne da ya ƙare ya bar mana ita gado, kuma ita kaɗai ce ƙafarmu zuwa Guri da Kirikasamma da ƙauyukan fadama. Muna dawowa daga wajen Guri bayan la'asar sai ta fara wani irin fito mai tsini, ta daina ja, hayaƙi shuɗi-shuɗi yana bin mu a baya. Da ƙyar muka lallaɓo Haɗejiya. Washegari bakanike ya kwance, ya ɗago mana abin a hannu, ya kaɗa sandar da ke tsakiyarsa tana lilo kamar haƙorin tsoho. Ya ce, "Oga, wannan kam sai dai wani." Kuɗin da ya rubuta a takardar ƙiyasi, na sabo da aikin hannu, ya haura albashin direbanmu na wata shida.

Shi direban dattijo ne, ya kusa ritaya, kowa Baba yake ce masa. Kafin mako ya zagayo an ba shi takardar tuhuma. Dalili? Wani matashin jami'inmu, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya gani a intanet cewa duk mota mai turbo dole a bar ta tana sulo minti biyar kafin a kashe, in ba haka ba turbon ya ƙone. Ya kuma shaida cewa shi da idonsa ya sha ganin Baba ya shigo harabar ofis ya kashe mota nan take. Shi ke nan, an sami mai laifi. Har an fara maganar a riƙa cire kuɗin daga albashinsa kaɗan-kaɗan. Fayil ɗin ya biyo ta teburina don in sa nawa bayanin, shi ya sa na zauna na bi maganar daga tushe. Na kuma nemi izinin Baba kafin in kawo ta nan.

Bari mu fara da shi turbon, don da yawanmu muna jin sunan ne kawai. Inji wuta ce a rufe, wuta kuwa da iska take ci. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin zugazugi: gawayi ɗaya ne, amma da an zuga sai wutar ta canza launi. To turbo zugazugin inji ne. Bambancinsa da na maƙeri shi ne ba yaro ke zuga shi ba, hayaƙin da injin ke fitarwa ne. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙi mai zafi yana bugun ta farko kafin ya wuce salansa, ita kuma ta juya sandar, ta biyun ta zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905.

Abu biyu ne ke sa shi laulayi. Na farko gudu. Injin motarka a kan hanyar Kano yana juyawa sau 2,000 zuwa 3,000 a minti. Sandar turbo tana wuce sau 100,000 a minti, ƙananan na motocin zamani har 200,000 suna kaiwa. Kuma a yawancinsu ba a kan boris take ba, a kan baƙin mai take shawagi, wani siririn shimfiɗin mai da bai kai kaurin takarda ba, wanda famfon inji ke turowa ba tsayawa. Na biyu zafi. Hayaƙin injin fetur in ana aiki da shi sosai yana haura digiri 900, na gas yana ƙasa da haka amma shi ma yana kai 600 zuwa 700. Baƙin mai kuwa tun bai kai digiri 300 ba ya fara ƙonewa. Abin da ke cetonsa shi ne ba ya zama wuri ɗaya. Yana shiga, ya kwashi zafi, ya fice, wani ya shigo.

Yanzu ka murɗa makulli ka kashe. Famfon mai da inji yake juyawa, don haka ya tsaya. Amma ƙarfen da ya yi ja bai san ka kashe ba. Zafin da ke jikinsa zai gangaro ta sandar nan zuwa inda ɗan man da ya rage yake kwance, ya dafa shi. Matan gida sun fi mu sanin wannan: ka bar tukunyar shinkafa a kan garwashi ba juyawa, ai ƙanzo za ka samu. Ƙanzon nan ne ke taruwa a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, ya matse siririyar hanyar mai, ya ci bushin, ya lalata abin da ke tare mai kar ya zube cikin salansa. Ranar da ka ga shuɗin hayaƙi, an daɗe da fara ɓarnar.

Saboda haka yaron nan bai yi ƙarya ba. Maganar tana da asali. Inda na rabu da shi shi ne a kan "duk mota", da "dole", da "minti biyar".

Shawarar ta samo asali ne daga shekarun 1970 da 1980, lokacin da turbo ya fara yawa a ƙananan motoci a Turai da Japan. Turbon wancan zamani mai kaɗai ke sanyaya shi, man kuma bai kai na yanzu jure zafi ba. Har wata 'yar na'ura aka riƙa sayarwa da ke barin inji a kunne na ɗan lokaci bayan ka zare makulli ka tafi. Daga baya kamfanoni suka ja wa turbo hanyar ruwa daga lagireto, musamman a motocin fetur. Da yawa kuma sun ƙara ɗan famfo mai aiki da batir, wanda ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe mota. Masu sababbin motocin Jamus sun san wannan ɗan gurnanin da ke fitowa daga gaban mota bayan sun kulle ta. Wasu har bakanike suke kai ta wai wani abu ya maƙale. Ba abin da ya maƙale, aikinta take yi. Kuma ku tuna akwai motoci masu turbo da ke kashe kansu da kansu in an tsaya a danja, su tashi in an saki burki. Da kashewa bayan tafiyar cikin gari tana kisa, kamfanin da ya ba da garanti ba zai sa wannan ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne inda na samo amsar tamu motar. A aljihun gaban mota, cikin ledarsa, ba wanda ya taɓa buɗewa. Littafin da kamfanin Toyota ya haɗo motar da shi. A ciki an raba abin dalla-dalla. Tafiyar cikin gari ta yau da kullum, ba a buƙatar jira. In an jima ana gudun kilomita 80 a awa, wajen daƙiƙa 20. In 100 ne, wajen minti ɗaya. In hawan tudu ne mai tsanani ko an daɗe ana gudun da ya wuce 100, wajen minti biyu. Iyakarta ke nan. Babu minti biyar, babu goma.

To ku auna da hanyarmu. Ka taso daga Dutse ta Kiyawa da Jahun, ka fito Gujungu, ka miƙe. Ko daga Kano ta Ringim da Taura. E, ana gudu, kar mu yaudari juna, ba wanda ke tsayawa a 100 in hanya ta yi kyau. Amma wa ke shiga harabar ofis a Haɗejiya da wannan gudun? Tun daga bakin gari ka sauka, ga 'yan adaidaita, ga masu babur, ga amalanke, ga masu tura kurar ruwa, ga tudun rage gudu. Kafin ka isa ofis ka yi minti biyar ko fiye kana rarrafe a giya ta biyu da ta uku. Wannan rarrafen shi ne sanyayar. Ya ma fi tsayawa wuri ɗaya, don iska na ratsa gaban motar. Mu da muka tashi muna ganin dawakin hawan salla mun san ba a sauka daga sukuwa a ɗaure doki a turke nan take, sai an ɗan taka da shi ya huce. Amma dokin da ya riga ya tako a hankali tun daga ƙofar gari har gida, wa zai ce sai an sake zagayawa da shi? Abin da yaron ya gani a harabar ofis, wanda aka gina tuhumar a kansa, ba shi ne ya kashe turbon ba.

Inda haɗarin yake daban ne, kuma a nan ne na fara ganin hannuna a ciki. Tsayawar kan hanya ce. Ana tsaka da gudu, sai a hango masallaci a bakin titi, sai wani daga baya ya ce, "Baba, tsaya mu yi salla kar ta wuce." Daga 120 zuwa kashewa cikin daƙiƙa talatin. Wannan wanin, sau da yawa ni ne. Ko a tsaya sayen kankana, ko a faɗa gidan mai da ke bakin babbar hanya, inda kuma dole a kashe inji kafin a zuba, wannan ba abin jayayya ba ne. Sai na fadama, wanda ya fi duka: mota ta kafe a yashi ko taɓo, a sa giyar taimako, a yi ta ba ta wuta minti goma tana ihu ba ta motsi, babu iskar da ke shiga gabanta, sannan a ce "kashe, kashe, bari a kira mutane su tura." A wannan lokacin turbon ya fi kowane lokaci zafi. Da damina irin wannan ba ya ƙirguwa a hanyoyin Guri da Kirikasamma. Maganin ba wuya: in ka san za ka tsaya, fara sassautawa tun da sauran kilomita ɗaya ko biyu, in kuma tsayawar ta zo ba shiri, ba ta minti ɗaya zuwa biyu. Kafin a gama fito da buta da darduma ai lokacin ya cika. In ta mutu da kanta tana tsaka da aiki, a tashe ta nan da nan a bar ta ta yi sulo, kar a ce bari ta huta.

Baba ma yana da nasa, kuma na faɗa masa a gabansa. Yana da ɗabi'ar nan ta tsofaffin direbobi, ya taka totur sau biyu, vum vum, sannan ya kashe. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yallaɓai, haka muka koya tun a Fijo, don ta tashi da wuri da safe." Na ce, "Baba, Fijo ba ta da wannan abin." A mota mai turbo wannan ya fi rashin jira illa, don ka zuga fankar ta ɗauki gudu sannan ka yanke mata mai tana cikin juyawa. Haka ma da safe, a tashe ta a ba ta wuta kafin mai ya hau. Daƙiƙa talatin ta ishe shi ya zagaya, sai a tafi a hankali har ta ɗumama. Ya yi shiru, ya ce shekara talatin yana tuƙi ba wanda ya taɓa gaya masa. Na yarda da shi. An miƙa masa makullin motar ne kawai ranar da shirin ya tattara kayansa.

Amma babban abin yana cikin littafin tafiye-tafiyen motar, wanda shi Baban ke cikewa da birensa kullum. Daga juyen mai na ƙarshe zuwa ranar da ta lalace, motar ta yi kilomita dubu goma sha huɗu da ɗoriya. A irin ƙurarmu da zafinmu da yashinmu, kilomita 5,000 ya kamata a juye wa irinta. Sau uku ya rubuta takardar neman kuɗin juye, duka suna cikin fayil da kwanan wata. Ta farko an ce a jira kuɗin gudanarwa su shigo. Ta biyu ta yi mako biyu a kan teburina, ina wajen wani taro a Dutse, na dawo na manta da ita a ƙarƙashin wasu takardu. Ta uku ba a ma sa mata hannu ba. Da man ya riƙa raguwa, da kuɗin aljihunsa ya riƙa sayen na cikawa a bakin hanya, irin wanda ake aunawa a gorar ruwa, wanda ba ka san ko sabo ne ko tsohon da aka tace ba ne. Bakaniken ya nuna mini bututun da ke kai wa turbon mai. Ya hura ta gefe ɗaya, da ƙyar iska ke fita ta ɗayan. Matatar iska kuwa, wadda suke ce wa iyakilina, an yi ta kaɗe ta a jikin taya ana hure ta da iskar falkanaiza har ta yage a gefe. Ƙurar hunturu guda ta bi ta nan, ta ci bakin fankar kamar an goga mata sanfefa.

To don Allah wa ya kashe turbon?

Wannan ita ce matsalata da yadda muke ɗaukar shawarar intanet. Muna zaɓar wadda ba ta cin kuɗin ofis, wadda kuma ke da wuyan da za a rataya wa laifi. "Ka jira minti biyar" umarni ne da ake ba na ƙasa. "A fitar da kuɗin juye a kan lokaci" umarni ne da ke hawa sama, shi ya sa ba mai son karanta shi. Za a sayi mota ta miliyoyi, a yi bikin miƙa makulli, a ɗauki hoto, amma kuɗin galan biyu na mai mai kyau sai ya zaga tebur biyar. Mutumin da ke kan mafi ƙarancin albashi, naira dubu 70, ko ɗan sama da haka, shi za a ce ya biya.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ke ba ni dariya da takaici tare. Tun da maganar nan ta bazu, na ga mutane suna zaune a mota a ƙofar gida suna kallon agogo, wai suna sanyaya turbo, alhali motar ba ta da shi. Corolla da Camry da Sienna da Vibe da suka cika titunanmu, tsofaffin Accord, 406 ɗin da aka haɗa a Kaduna, Golf mai fetur ta haya, duk babu. Hatta Hilux ɗin da aka fi gani a ma'aikatu, mai injin fetur 2.7, ba ta da turbo, haka bas ɗin Hummer mai irin wannan injin. Tamu ce ta zo daban don ta gas ce. Waɗanda ya kamata su buɗe kunne su ne masu Sharon mai TDI ko 1.8T, masu Hilux da aka rubuta wa D-4D, masu Civic daga 2016 da CR-V daga 2017 da ke da injin 1.5 mai turbo, masu Accord daga 2018, masu Ford da aka rubuta wa EcoBoost, da masu yawancin sababbin motocin Chana. Manya ma abin ya iso su, don Land Cruiser ɗin da ta fito a 2021 ta ajiye V8 ta koma V6 mai turbo biyu. Dokokin rage hayaƙi da shan mai a Turai da Amurka da Chana ne suka tura kamfanoni ga ƙananan injuna masu turbo, mu kuma abin da suka hau suka sauka shi ke iso mana ta Kwatano da Legas. Nan da 'yan shekaru wanda ke neman 'yar Kwatano marar turbo zai sha yawo.

Masu irin waɗannan motoci, abin da zan roƙe ku ba agogo ba ne. Ku rabu da maganar nan ta gareji cewa zafin ƙasarmu sai mai mai kauri. Injin Honda 1.5 ɗin nan 0W-20 aka rubuta masa, a kan murfin ma yake. Ka ɗura masa 20W-50 don bakanike ya ce shi ne mai jiki, to da safe kafin ya ratsa siririn bututun nan turbon ya riga ya yi juyi a bushe. Ku kuma daina cika lagireto da ruwan rijiya. Tsatsa da gishirin da yake bari su ne ke toshe hanyar ruwan turbo da ɗan famfon nan da muke taƙama da shi. Motar da aka yi don ta kula da kanta, in an kashe mata abin da take kula da kan nata da shi, ta koma ta 1980.

Lissafin mai kuma, tunda aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya iya shi. Matsakaicin inji yana shan wajen lita ɗaya a awa in yana sulo. Mu ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi. Minti biyu bai kai naira 40 ba. Wanda ya hana turbo naira 40 bayan ya fito da mota daga taɓo, rowarsa ta cuce shi. Amma ku juya lissafin. Motar da ake bari a kunne awa guda da esi a ƙofar ɗakin taro don kar oga ya fito ya tarar da zafi, a kwana ashirin na aiki ta sha lita ashirin ko fiye, kuɗin da ya kusa isa juyen da aka ce babu kuɗinsa. Kuma dogon sulo ba gata ba ne ga injin gas, yana tara masa baƙin ƙanzo ne a ciki. Ban taɓa ganin an ba wani takardar tuhuma a kan wannan ba.

Inda nake ganin maganar sanyaya inji ta fi nauyi a yankinmu ma ba a kan titi ba ne, a gona ne. Tun da aka gyara aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo, aka kuma ƙaddamar da noman alkama na rani na ƙasa a nan yankin a Nuwamba 2023, taraktoci da injinan girbi sun ƙaru, na gwamnati da na 'yan kasuwa. Ga kuma manyan injinan da ke yashe kogi suna cire kachala. Da yawansu turbo gare su. Mota a kan hanya tana samun sauƙi, ta hau ta sauka, ta yi gudu ta sassauta. Tarakta da ke jan haro a laka tun hantsi ba ta da wannan, a cike take da kaya awa huɗu, biyar, a rana mai digiri 40, tana tafiyar da ba ta kawo iska. Ba ta kuma da rarrafen shiga gari. Daga ƙarshen kunya sai kashewa. Kamfanonin da ke ƙera su suna cewa a sauke totur a bar su minti biyu zuwa biyar, gwargwadon inji. Manyan janaretoci masu kunna kansu ma haka aka tsara su, in wuta ta dawo sai sun yi 'yan mintoci ba kaya sannan su mutu. Amma yaron da ke kan tarakta da eka ake biyansa, man kuma an auna masa, mai gona na tsaye a kansa, na gaba na kira a waya. Wa ya zaunar da shi ya yi masa bayanin ƙanzo? Injin girbi kuma ƙaiƙayi ke toshe masa matatar iska da lagireto, kullum yake son a share, ba sai ya fara tari ba.

Kuma tarakta in ta kwanta a watan Nuwamba ba ita kaɗai ta kwanta ba. Alkama da sanyi take yi. Manomin da ya rasa mako biyu yana jiran a kawo turbo daga Ƙofar Ruwa a Kano, zafin Maris zai iya riskar shukarsa kafin ta gama cika ƙwaya, buhunan da zai rasa kuma ba wanda zai rubuta su a takardar ƙiyasin gyara. Shi ya sa nake ganin duk wanda zai sayo injuna, gwamnati ce ko ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwa, ya sa kwana biyu na horar da masu tuƙi da kuɗin mai da matata na shekara a cikin kuɗin sayen tun farko, a fassara muhimman shafukan littafin zuwa Hausa a manna a gaban direba. Shafi ɗaya ne fa. Mun ga isassun gawarwakin taraktoci a harabar sakatariyoyi, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu.

Na san akwai makanikai da injiniyoyi a cikin masu karanta ni, wasunku ma tare muka yi makaranta. In na kauce a wani wuri ku gyara mini, ni takarda na karanta ba sifana ba.

Abin da na rubuta a fayil dai shi ne: a janye maganar cire kuɗi daga albashin Baba. A haɗa kwafin takardunsa uku da shafin littafin motar. A rubuta cewa ta biyun a teburina ta kwana goma sha huɗu, na sa hannu a ƙarƙashin wannan layin. A ja masa kunne kan taka totur kafin kashewa, a ja mana mu da muke cewa a tsaya a kashe. Kuma kar a ɗaura sabon turbo sai an canza bututun mai da matatar iska an yi juye, don bakaniken ya ce in aka ɗaura a kan wannan bututun, wata uku ba zai yi ba.

Wani abokin aiki ya leƙo ya karanta, ya ce, "Kai kuwa me ya kai ka rubuta sunanka a ciki?" Kwamiti zai zauna ranar Laraba. Motar tana gareji an ɗage mata baki, ranar Litinin kuma akwai zuwa Kirikasamma, har yanzu ban san da me za mu je ba.